Yarinyar da Na Sa Ta Yi Karatu da Sunan Wata

Ba a gidan ɓarayi aka haife ni ba. Mahaifina tela ne a Gusau, mutumin da ko ƙyallen atamfa ya rage sai ya naɗe ya mayar wa mai kaya. Na yi difloma a fannin kwamfuta, ina jin Turanci daidai gwargwado, kuma a unguwarmu ni ake nema idan wayar wani ta rikice. Da wannan sana'a na sauka Riyad. Wani Balarabe ya tsaya mini aka yi mini iƙama, wato takardar zama, na riƙa yi masa gyaran kwamfuta a ɗan shagonsa da ke unguwar Manfuha. Ina sallah a sahun gaba. Hausawan unguwa suna ba ni ajiya. Ku riƙe wannan, samari, domin wanda ba a yarda da shi ba bai iya cutar kowa.

Wata rana wani dogon mutum mai suna Hamisu ya kawo kwamfutarsa gyara. Ya ce ya daɗe a Amurka, amma bai faɗi abin da ya raba shi da can ba. Tun ranar raina bai kwanta da shi ba. Wayoyinsa da yawa, kuma duk wadda ta yi ƙara sai ya fita waje kafin ya ɗauka. Da na gama aikin, sai ya ce yana da wani ɗan aiki da ba ya buƙatar gumi.

Ya yi mini bayani. A Amurka akwai makarantun da ba su da aji, ba su da allo. Gwamnatin jiha ce ke ba wani kamfani izini bisa yarjejeniya, kamfanin ya buɗe makaranta a intanet. Iyaye ba sa biyan ko sisi, kuɗin harajin jama'a ne ke bin kan kowane yaro zuwa makarantar. Yaro yana gida, an aiko masa da kwamfuta, ya shiga da sunansa, malama ta koyar kai tsaye, ya yi aikin gida ya tura. Sharaɗin shi ne yaron ya kasance mazaunin jihar, kuma a ga alamar yana halarta.

"To ni ina ruwana a ciki?" na tambaye shi.

Ya ce yara da yawa suna yin rajista su watsar. Idan aka cire sunayensu kuɗi ya tsaya, shi kuma yana da wani mutum a cikin wata makaranta da ba ya so a cire. Abin da zan yi kawai in riƙa shiga da sunayen yaran nan kullum, ta wata manhaja mai ɓoye ƙasar da mutum yake, in buɗe darasi, in danna nan da can, in fita.

Na ce, "Yaya Hamisu, wannan ba sata ba ce?"

Ya yi dariya. "Wa ka sata? Gwamnatin da ba ta san da kai a duniya ba?"

Na san amsar banza ce, amma na karɓe ta, domin ita nake so in ji. Safiyar can la'asar ɗin Riyad ce, saboda haka da na dawo daga masallaci sai in ja kujera bayan shago in zama yaran mutane ɗaya bayan ɗaya.

Da abin ya tsaya nan, da wataƙila ban rubuta wannan ba. Amma sunayen suka yi mini yawa, na gaji, kuma a lokacin ne Baba Idi ya zo mini da kukansa. Direba ne, mutumin Maraɗi, ya tsufa a Riyad. 'Yarsa Rahama a nan aka haife ta, Larabcinta ya fi Hausarta. Takardunta sun sami matsala, makaranta ta sallame ta, ta kuɗi kuma ta fi ƙarfinsa. Ya ce yarinyar ta daina cin abinci sosai, kullum tana rungume da tsofaffin littattafanta.

Shaiɗan bai ɓata lokaci ba. Na ga ga yarinya mai son aji, ga kujerun aji babu kowa a kai. Na ce masa akwai makarantar Amurka ta intanet, zan iya sama mata gurbi, zai riƙa ba ni kuɗin rajista kowane zango.

Baba Idi bai yi boko ba, amma ba wawa ba ne. Ya daɗe yana kallona.

"Ɗana, su waɗannan mutane, me ya haɗa su da 'yata da za su koyar da ita?"

Na ce taimako ne suke yi wa yaran duniya. Ya amince, na ba yarinyar ɗaya daga cikin sunayen.

Bayan mako guda ya dawo. "Na ji malamar tana kiranta Rebeka. Wace ce Rebeka?"

Na ce bakin Turawa ba ya iya furta Rahama. Na ƙara da cewa kada ta kunna kyamara, kada ta faɗi inda take, wai dokar makaranta ce don kare 'yan mata. Wannan ta yi masa daɗi. Amma daga ranar, duk sanda ya miƙo mini hannu mu gaisa, sai ya ɗan riƙe nawa yana duban idona.

Rahama ta kama karatu kamar mai jin ƙishirwa. Turancinta ya buɗe, lissafi kuwa malamar har yabonta take yi a gaban aji. Takan zo shago da mahaifinta, ta kira ni baffa da Larabci, ta ce, "Ammu, duba makin da na ci!" Ni kuwa na san kowane maki yana tafiya ne kan sunan wata yarinya da ta bar makarantar tuntuni. Ƙarshen shekara na zauna na ƙirƙiro takardar sakamako mai tambari, na rubuta Rahama a kai. Uwarta ta sa aka yi wa takardar firam. Da labari ya bazu, wasu iyayen suka kawo nasu. Ina ci ta wajen Hamisu, ina ci ta wajen iyaye, yaran mutane suna yi mini aikin.

Ban ƙara samun kwanciyar hankali ba. Duk motar shurɗa, wato 'yan sanda, da ta tsaya kusa da shago sai in ɗauka ni aka zo kamawa. Na fara zargin Hamisu yana rage mini rabo, shi ma yana zargina, don ya ga yaran da da ba sa komai sun fara cin jarrabawa. Ya ce, "Ka rage musu ƙoƙari. Wanda ya yi fice shi ake kallo."

Gaskiyarsa. A shekara ta biyu malamar Rahama ta fara tambaya. Wata rana ana cikin darasi yarinyar ta buɗe makirfo za ta ba da amsa, sai ladanin unguwa ya ɗaga kiran magariba, na gaba da shi ma ya ɗauka. Malamar ta ce wane gari ne wannan a jiharsu? Wani lokaci kuma ta tambaye ta ko dusar ƙanƙara ta rufe musu hanya kamar sauran yara. Rahama ba ta iya ƙarya ba, ta ce ita ba ta taɓa ganin ƙanƙara tana sauka daga sama ba.

Sannan lokacin babbar jarrabawar jiha ya zo, wadda ba a yin ta a gida, dole yaro ya je da ƙafarsa a gan shi. Shekarar farko mutumin Hamisu ya rufe zancen, wannan karon malamar ta kafe. Ta nemi iyayen Rebeka na gaskiya, suka ce 'yarsu ta daɗe a wata makaranta. Rana ɗaya duk sunayen suka rufe. Na kira Hamisu, babu wayar da ta shiga. Har yau ban sake ganinsa ba.

Kafin a rufe, malamar ta yi magana da Rahama, ta gaya mata komai. Baba Idi ya zo shago da firam ɗin a hammatarsa, 'yan sanda biyu a bayansa. Bai zage ni ba. Cewa ya yi, "Tun farko jikina ya ba ni. Na ƙi bin jikina saboda ina ganinka a sahun gaba."

A kotu aka tuhume ni da damfara da ƙirƙirar takardun bogi, ban musa ba. Alƙali ya tambayi Baba Idi ko ya yafe haƙƙinsa. Tsohon ya ce, "Abin da na ba shi na yafe. Shekarun yarinyar kuwa ba nawa ba ne, balle in yafe."

Na yi zaman kurkuku, inda babu wanda ya yarda da wani ko da kan sabulu ne. Ina ciki mahaifina ya rasu, kuma an ce ya ji dalilin ɗaurina kafin ya cika. Da wa'adina ya ƙare aka kai ni tarhil, inda ake tara waɗanda za a kora daga ƙasar, aka sa ni jirgi zuwa gida, ba damar komawa. Na tuba, ina kan tuba. Yanzu ina gyaran waya a bakin kasuwa.

Na nemi labarin Rahama. Mahaifinta ya mayar da iyalinsa Maraɗi, ta sake farawa da Faransancin da ba ta sani ba, a aji ɗaya da ƙannen bayanta. Na aika a roƙa mini gafararta. Amsar da ta dawo ita ce ta ji, amma ba ta shirya ba tukuna.

Samari, musamman ku masu wayo da na'ura: duk aikin da aka ce ku yi da sunan da ba naku ba, ku tashi ku bar wurin. Kada wani ya ce muku babu wanda ake cuta don ba ku ga fuskarsa ba. Ni ma da dannawa na fara, ina cewa gwamnatin nesa ce. Na gama wa'adin da alƙali ya yanka mini, amma har yau ina jiran wata yarinya ta shirya, kuma ban san ko zan kai ranar ba.