Makullin Baba a Kan Tabarma

Mun tashi da asuba daga Katsina, ana sallame salla muka ɗauki hanyar Dutsin-Ma, mu uku a mota: ni, da direba, da abokiyar aikina mai gyaran sola. Bazara ce, tun kafin rana ta fito rigata ta fara manne mini a baya. Waɗanda suka daɗe suna bina a wannan shafin sun san manhaja nake rubutawa, kuma ba na son tafiyar da ta wuce daga kujera zuwa wurin mai shayi. To, wannan karon ni na matsa a tafi.

Ga dalili. Akwai rijiyoyin burtsatse masu sola a wasu ƙauyukan Kankara da Faskari da Sabuwa, kowacce da ɗan akwatin kwamfuta mai buɗe ruwa da rufewa a kan lokaci: famfon gidaje daban, kwamin shayar da shanu daban. Ɗan kwangilar da ya kafa su ya ajiye tsarin lokutan a wani fayil da inji kaɗai ke iya karantawa, ya tafi abinsa. A wani ƙauye kusa da Sabuwa kuwa, makiyaya sun kai ƙara cewa dattijon da ke riƙe da makullin ɗakin famfo yana hana shanunsu ruwa da gangan. An sa zama, za a karɓe makullin a bainar jama'a. A wancan yankin, zargi irin wannan ba ya tsayawa a kan makulli. Ni kuma na san makullin nan ƙofa kawai yake buɗewa, ba ruwa ba, sai dai faɗa a waya ba ta wanke kowa.

Abin da na ɗauko shi ne sabuwar manhajar akwatin, wadda ke ajiye tsarinta da YAML. Ga wanda bai sani ba, hanya ce ta rubuta bayanai layi-layi, suna a hagu, abin da ake so a dama, yadda inji zai fahimta, mutum ma ya karanta da idonsa a kowace waya. Na sa sunayen da Hausa, lokutan kuma na ɗaura su a kan salla, domin ban taɓa jin wani a ƙauye ya ce a haɗu ƙarfe kaza ba.

Mun shiga Kankara da hantsi. Muka karya da waina da miyar taushe a bakin tasha, wainar ta ƙanƙance, kuɗinta kuma ya yi ƙiba. Direba ya yi mita har ya gama, sannan ya nemi ƙari. A rijiyar farko aiki ya tafi lafiya lau, ban da ɗan gumin da na yi lokacin da akwatin ya ƙi karɓar fayil saboda layi ɗaya bai shiga ciki daidai da 'yan uwansa ba. YAML akwai tsantseni a kan wannan. Na gyara, ruwa ya zo, abokiyar aikina ta ce ashe dai ina da amfani.

Daga nan muka bi ta Yargoje. Hanyar nan ba a yi mata gaggawa, ba a kuma yi mata nawa. Motoci kan jira juna a tafi a jere, shingayen jami'an tsaro da na 'yan sa-kai ba sa ƙirguwa, kuma kowa ya san da la'asar ta yi sai a nemi wurin kwana. Gonaki a share suna jiran ruwan sama, wasu kuma ciyawa ta cinye su, ba wanda ya tambayi dalili. Haka muka tafi har muka hango Faskari.

A Faskari na gama saka manhaja a ƙauye na biyu, ina naɗe waya zan tashi, sai wata Hajiya da ke cikin kwamitin ruwa ta tare ni.

"Malam, ka ce Hausa ce a ciki? To karanta muna mu ji. Nan ba a ɗaure magana sai an hwaɗe ta gaban mutane an shafa Fatiha."

Na zauna na karanta. Suka saurara kamar ana karanta sadaki, aka gyara lokacin famfon mata ranar kasuwa, aka shafa. A ofis ni da abokan aikina muna yabon YAML ne don sauƙin gyara. Ban taɓa kawo wa raina za a karanta fayil da ƙarfi a gindin bishiya ba. Muka kwana a garin, aka ba mu tuwon masara miyar kuka da man shanu, na ci har na ji kunya.

Washegari hanyar Sabuwa ta gwada mu. Ƙasar ta fi duhuwar itatuwa, ramuka kuma sai ka rantse da gangan aka haƙa su. Taya ta fashe bayan mun wuce Dandume. Direba ya ce mu koma, a sake sa rana. Na ce ko a kan babur ne sai na isa, domin zaman yau ne, kuma in aka karɓe makullin nan, duk abin da zan nuna gobe ya zama labari. Raina ya ɓaci, na faɗi maganar da zafi, daga baya na saya masa fura don a shirya. Muka canza taya muka ci gaba.

Mun tarar an riga an zauna a gindin wata tsamiya. Mai unguwa a tsakiya, manoma a gefe ɗaya, Arɗo, shugaban makiyaya, da mutanensa a ɗaya gefen da sandunansu. Dattijon mai makulli, wanda kowa ke kira Baba, yana zaune shi kaɗai a bakin tabarma, ya sunkuyar da kai. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai.

Arɗo ya yi bayani ba tare da ɗaga murya ba. Ya ce shanu na dawowa bayan azahar su iske kwami a bushe. Da safe kuma sai a ga ƙasa jiƙe, ruwa ya cika ya malale da magariba, lokacin da ba mai fito da saniya. "In ba ƙeta ba, mi a wannan?"

Na nemi izini, na jona kwamfutata da akwatin, na juya tsohon fayil ɗin zuwa YAML, na karanta musu abin da ke ciki. Kwamin shanu an sa shi ya buɗe ne gab da magariba, tun ranar da aka kafa rijiyar, ba a taɓa canza shi ba. A wancan lokacin kiwo na nisa ne, sai yamma liƙis ake dawowa. Yanzu da daji ya lalace, kowa na koro dabbobinsa gida da rana tsaka. Mutane sun canza, akwatin bai sani ba.

Wani daga bayan Arɗo ya ce ai baƙo na iya karanta abin da ya ga dama. Ban ji haushi ba, gaskiyarsa ce. Na miƙa kwamfutar ga malamin makarantar garin, da wani ɗan'uwan Arɗo da ya yi boko, kowa ya karanta da bakinsa, magana ɗaya. Sannan aka yi ta ja-in-ja a kan sabon lokaci, mata suka aiko cewa kada a taɓa musu safiya. Da aka daidaita na rubuta a gabansu:

kwamin_shanu:
  buɗe: bayan azahar
  rufe: kafin magariba

YAML na da layin da inji ke tsallakewa, na mutane ne kawai. A nan na rubuta cewa an yarda da wannan gaban mai unguwa da Arɗo, kuma ba a canzawa sai an karanta wa ɓangarorin biyu. Aka shafa Fatiha.

Sai Baba ya tashi, ya kulle ɗakin famfo, ya dawo ya ajiye makullin a kan tabarma gaban Arɗo. "Shi zauna nan. Ni ma ina nan. Mu gani."

Aka yi azahar, aka dawo aka zauna. Shanu suka fara isowa, suna zagaya busasshen kwami. Ina ta tuna layin da ya ba ni wahala a Kankara. Abokiyar aikina ta ƙi kallona. Can sai bututu ya yi tari, ya sake yi, ruwa ya ɓarke. Shanu suka rufa a kai. Baba na zaune inda yake, hannuwansa a kan gwiwa.

Arɗo ya daɗe yana kallon ruwan. Sannan ya ɗauki makullin, ya taka har inda Baba yake, ya durƙusa ya sa masa a hannu. "Baba, mun ɗauki alhakinka. Ka yahe muna." Dattijon ya ce ba komai, amma da gefen rawaninsa ya share ido.

Ba mu tsaya cin abincin da aka dafa mana ba, rana ta fara karkata. Aka cusa mana gyaɗa da ƙwaryar nono a mota, muka kwana a Funtua, washegari muka iso Katsina lafiya, bayana kamar an daka.

Abin da na koyo ba mai yawa ba ne. Shekara da shekaru ina zaɓen yadda zan ajiye bayanai don jin daɗin kaina da na inji. Yanzu duk fayil ɗin da zan rubuta sai na tambayi kaina ko za a iya karanta shi da ƙarfi a gindin tsamiya, gaban mutanen da abin ya shafa. Jiya malamin makarantar ya kira ni, ya ce shanu na sha a kan lokaci. Ya ce Baba kuma ya koma sahun gaba a masallaci, inda ya daina tsayawa tun farkon bazara.