Na Je Doha In Ɗauko Mai Jego

Daga Kwarbai zuwa Kano

Ana idar da sallar asuba motar Malam Ɗanlami ta tsaya a ƙofar gidanmu da ke Kwarbai, cikin birnin Zariya. Shi ne direban da ke kai mu duk wata hidima. Kayana jaka biyu ne, ɗaya ta suturata, ɗaya kuma ta 'yata Ummi, wadda ta haihu a Doha inda mijinta Nasiru ke aiki a wani asibiti. A jakarta akwai gero, kanwa, yajin jego, kilishi, busasshen ganyen darbejiya na wanka, sai turaren wuta da kaskonsa.

Maigidana, wanda muke kira Malam, ya rako ni har bakin mota, carbinsa a hannu. Tun da rediyo ta fara kawo labarin harbe-harben makamai tsakanin ƙasashen yankin can, abinci ba ya yi masa daɗi. Ya ce, "Kin ji abin da na faɗa miki. Da takardun jaririn sun fito, ki taho min da su. Ta ƙarasa wankanta a ɗakinki kamar kowace 'ya. Ba zan bar yarinya a bakin wuta ba."

Na ce, "In Allah Ya yarda, Malam." Ni ma abin da ke raina ke nan.

Mun fita ta Ƙofar Doka gari bai gama wayewa ba. Kafin Tashar Yari an tare mu sau biyu. A shinge na biyu jami'in ya sa aka buɗe but, ƙamshin daddawar yaji ya buge shi, ya ja da baya. Ɗanlami ya ce, "Yallaɓai, makamin mai jego ne, ba ya tashi sai a cikin miya." Mutumin ya yi dariya ya ɗaga mana hannu. A Kwanar Ɗangora muka sha koko da ƙosai a tsaye, hantsi na yi muna filin jirgin Kano.

A jirgi

Ban taɓa hawa jirgi ba sai na aikin Hajji, kuma wancan karon muna da yawa. Wannan karon ni kaɗai ce. Wanda ke kusa da ni wani ɗan kasuwa ne mutumin Kano, ya ce duk wata sai ya je Doha. Na tambaye shi ko ba ya tsoro. Ya ce, "Hajiya, ran nan sun rufe sama ga jirage na 'yan sa'o'i, washegari kowa ya buɗe shagonsa. Ni hanyar Birnin Gwari ta fi tsorata ni." Na ci gaba da lazimina.

Doha

Nasiru ya tare ni a filin jirgi, ya durƙusa har ƙasa a gaban mutane ya gaishe ni. Muna fita waje zafi ya rufe ni kamar an buɗe murfin tukunya. Tituna fes, ba ko ledar ruwa a ƙasa, gine-gine na gilashi sun yi tsayi har wuyana ya gaji da kallo. Na yi ta leƙen taga ina neman sojoji da shingaye. Ban ga ko ɗaya ba, sai mata da ke tura 'ya'yansu a keke a bakin teku.

Gidansu yana hawa na sha bakwai. Ummi 'yar farina ce, a gida ko sunanta na yanka ba na kira, amma da ta buɗe ƙofa ta faɗa jikina ban iya ture ta ba. Ta miƙo min yaron. Na ce, "Wannan ne angon nawa? Ko sisin sadaki bai aiko ba ya sa na hau jirgi." Ya yi hamma ya juya kai.

Na fara aikina washegari. Babu murhu, babu garwa, sai babbar tukunya a kan na'urar girki ta lantarki. In tafasa ruwa da ganyen darbejiya safe da yamma, in yi mata wanka a bayin da ya fi ɗakin girkina haske, in dama kunun kanwa. Ban ɓoye musu saƙon Malam ba. Nasiru ya sunkuyar da kai ya ce, "Mama, in kun ce ta tafi, ba zan hana ba." Ummi kuwa ranar ba ta shanye kununta ba.

Wata rana da la'asar wayoyinsu suka yi ƙara a tare, wai sanarwar hukuma ce a zauna cikin gida a nisanci taga. Na miƙe ina neman inda za mu ɓuya. Ummi kuwa ta ja gadon yaron zuwa tsakar falo ta ci gaba da ninke kaya. Da aka ce komai ya lafa, sai ga mai kawo saƙo ya ƙwanƙwasa da buhun shinkafar da ta saya ta waya. Na ce mata, "Ku ba ku da zuciya ne?" Ta ce, "Muna da ita, Mama. Mun dai san abin da za mu yi ne." A raina na ce ko me za ta faɗa, da ita zan tafi.

Ranar turare

Ran nan da hantsi, Nasiru yana wurin aiki, na gama yi mata wanka na ga ɗakin ya yi sanyi da yawa saboda na'urar sanyaya ɗaki. Mai jego da sanyi ba sa haɗuwa. Na hura gawayi a kasko, na kai ɗakinta, na zuba turaren wuta da hannu sake kamar yadda muke yi a gida, na ja ƙofa don hayaƙin ya kama labule da kayan jariri. Ban san wani farin abu mai kamar faifai da ke manne a rufin ɗakin hayaƙi yake jira ba.

Sai wata ƙara ta tashi, irin wadda ban taɓa ji ba, a ɗaki da waje da ko'ina. Na ce shi ke nan, abin da Malam ke gudu ya iso. Na suri yaron ina ta salati.

Kafin Ummi ta gama ɗaura zani ana ta buga ƙofarmu. Hajiya Nafisa ce, wata dattijuwa 'yar Sudan da ke ɗakin da ke kallon namu, tana jin Hausa sama-sama don kakanta daga Sakkwato ya tafi. Bayanta ga wata ma'aikaciyar jinya 'yar Filifin da kayan barci a jikinta, ta dawo daga aikin dare, da wani Ba'indiye mai furfura. Ba wanda ya tsaya tambaya. 'Yar Filifin ta karɓi yaron ta rufe shi da tawul, Hajiya Nafisa ta riƙe Ummi, Ba'indiyen ya ɗauki wata ƙaramar jakar takardu da ke rataye a bayan ƙofa, ya san inda take. Ni kuma ya miƙo min gwiwar hannunsa, na kama bakin rigarsa. Lif, na'urar hawa bene, ba ya aiki, da ƙafa muka sauka, mutane na ba mu hanya suna cewa a bar mai jariri ta wuce.

A ƙasa muka tarar da jama'a kala-kala, wasu ba takalmi, kowa na kallon sama. Can sai ga mai gadin ginin ya fito riƙe da kaskona a cikin bokitin ruwa, yana tambayar na wane ne. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na ɗaga hannu. Sai Hajiya Nafisa ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Hajiya, turarenki mai kyau ne, ya sauko da gida guda! Ni shekarar da na zo sau biyu na yi." Dariya ta zagaye wurin. Wata mata ta matso tana shinshina mayafina, tana tambayar Ummi inda ake sayar da irinsa.

Da muka koma sama na tambayi Ummi yadda aka yi suka zo ƙofarmu kafin su gudu. Ta ce tun da rikicin ya fara mutanen hawansu suka zauna suka raba: wane zai riƙe wane, wa ke da tsoho, wa ke da jariri. Ita kafin cikinta ya tsufa, wata tsohuwa mai ciwon ƙafa aka ba ta. Hajiya Nafisa tana zaune tana jijjiga yaron, ta ce, "Ni na bar gidana a Khartum da tukunya a kan wuta. Na san yaƙi. In na ga abin ya kai a tafi, ni zan fara sa 'yarki a jirgi. Yanzu bai kai ba. Ki bar ta kusa da mijinta."

Na yi sallar istihara a kan maganar. Takardun yaron suka fito, Nasiru ya kawo min su da hannu biyu ya ajiye a gabana. Na mayar masa na ce ya adana. Na koya wa Hajiya Nafisa yawan kanwar da ake sa wa kunu, na bar mata sauran ganyen. Turaren kuwa a baranda muka riƙa yi.

Komowa

Jirginmu ya yi jinkirin rabin yini saboda an sauya masa hanya. Ɗanlami ya ɗauke ni a Kano, muka shigo Zariya ana kiran la'asar. Malam yana zaure. Ya amsa sallamata, amma idonsa na kan kujerar bayan mota.

Na durƙusa na ba shi labari tun daga farko, har da kasko a bokiti. Bai yi dariya ba. Ya daɗe yana jan carbi, ni kuma ina jiran faɗa. Sai ya ce, "Yanzu wa ke dafa mata ruwan wanka?"

Na ce, "Hajiya Nafisa."

Ya ce, "Kin yarda da ita?"

Na ce, "Kamar 'yar'uwata ta ciki ɗaya."

Ya share fuskarsa da tafin hannu, ya ciro wayarsa ya miƙo min. "To kira min baiwar Allahn nan, in gaishe ta da kaina."

Na gode wa Allah da Ya kai ni lafiya Ya dawo da ni lafiya. Wanda ya karanta wannan, in ya ɗaga hannu, ya sa mutanen hawa na sha bakwai a addu'arsa.