Ammu Khalilu, Mai Kwanciya Ciwo Don Wasu Su Tashi

Duk ranar aiki, bayan ya karya da wake da gurasa, Ammu Khalilu, wato Baffa Khalilu da Larabci, yakan fito daga gidansa a unguwar Bani Harisa ta Madina lafiyarsa ƙalau, ya nufi wata makarantar koyon jinya domin ya je ya yi rashin lafiya. Aikinsa ke nan. Yana isa sai ya sa rigar majinyata ya hau gado. Yau ciwon ƙoda, gobe alhajin da rana ta buga a Bi'ir Ali. Ɗalibai su kewaye shi da tambayoyi, shi kuwa yana ta nishi. Matarsa Tasallah takan ce ba ta taɓa ganin wanda yake mutuwa da hantsi ya dawo cin abincin rana ba sai mijinta.

Jikan mahajjata ne da suka taso daga Katsina suka zauna a Madina. Yana saurayi ya tafi Birtaniya karatu, wasan kwaikwayo ya ɗauke masa hankali, ya shekara da shekaru a dandamalin Landan, yana ɗan leƙawa talabijin. Ba zan ce ya yi suna ba. Yau ya fito a mai gadi, gobe direban tasi, wani lokaci gawa, kuma shi da bakinsa yake cewa gawar aka fi yaba masa.

Ciwon mahaifiyarsa ne ya dawo da shi gida. Duk likitan da ya tambaye ta jiki, sai ta ce da sauƙi, tafinta kuma ya juya da Larabci cewa ta samu sauƙi. Tafinta bai yi ƙarya ba. Amma mu mun sani, Bahaushe ko numfashi yana gagararsa haka zai amsa, saboda kunya da tawakkali. Tana faɗin haka har ta cika.

Bayan an share makoki ya je makarantar nan ya nemi a ba shi gado. A kan gadon nan yake fitowa a Bahaushe marar lafiya, baki yana cewa da sauƙi, hannu yana murɗe zanin gado. Ɗalibin da ya gamsu ya juya baya, nan take Ammu zai mace masa. Sannan ya tashi zaune yana dariya, ya ce masa amsar baki gaisuwa ce kawai, ya riƙa duban hannu da goshi.

Ammu, kai ne ka bar fitilun Landan ka zo ka kwanta a ɗakin da ba a rubuta sunan ɗan wasa. Alhazan Kano da Zinder da aka tsare a gado aka sake aunawa saboda kai, ba su san da kai ba, kuma ba ka taɓa damuwa ba.

Ranar walimar ajiye aikinsa, aka roƙe shi ya yi wasa na ƙarshe, na ciwon zuciya. Ina wurin. Ya hau gado ya dafe ƙirji, fuskarsa ta yi fari fat, ɗaki ya ɗauki tafi. Sai Sundus ta matso, tsohuwar ɗalibarsa ce, irin 'ya'yanmu da ake yi wa Hausa su amsa da Larabci. Ta haɗa 'yar Hausarta ta ce, "Ammu, ya jiki?"

"Da sauƙi, 'yata."

Ta kama hannunsa, ta ji shi sanyi ƙarara, ga gumi. Ta juyo ta ce, "Wannan ba tamsil ba ne, ba wasa yake ba. Ku kira is'af yanzu."

Motar asibiti ta zo, Allah kuma Ya sa da sauran kwana. Daga baya muka ji cewa tun da safe ƙirjin yake damunsa, ya ji nauyin ɓata wa mutane walimar da suka sha wahalar shiryawa. Gaskiya raina ya ɓaci da kai, Ammu. Abin da ka kwashe shekaru kana faɗa a kai, shi ka yi mana.

Duk da haka mun gode, Allah Ya saka maka da alheri, Ya ƙara lafiya. Gadon nan yanzu ba kowa a kai, samarinmu masu jin harshe biyu su taimaka wani ya hau. Mu kuma, idan tsoho ya ce mana da sauƙi, mu nemi wuri mu zauna tukuna.

Makon jiya na je duba shi a gida, na tambaye shi jiki. Ya buɗe baki zai amsa, Tasallah ta ɗago ta dube shi. Ya sunkuyar da kai kamar wanda zai faɗi abin kunya.

"Yana ciwo, Ja'afaru," ya ce. "Yau kam yana ciwo."