Rukuɓun Baba Isiyaka

Da wuya in manta ranar da shugabarmu ta kira ni bakin wani rafi a bayan Takoma Park, a watan Yuli, ta nuna mini fili ta ce, "Sani, ina itatuwana?"

Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, ga yadda yake. Kamfaninmu yana dasa itatuwan oak a filayen hukuma cikin watan Afrilu, kowane dashe bai wuce gwiwa ba. Shi oak a shekarunsa na farko ƙasa yake yi wa aiki, saiwa yake zurawa, sama kuwa tafiyar hawainiya. Ciyawa ta riga shi shan ruwa, ta kuma tare masa rana, shi ke nan ya tsumbure. Don haka doka ita ce a share kewayen kowane dashe tsawon hannu, a zuba ɓarzajjen itace, kada a bar ko tsinke. Wanda dashensa ya mutu da yawa a watannin gwaji, sallamarsa ake yi.

Ni ne shugaban ayari a lokacin, ni kuma na kawo Baba Isiyaka, dattijo mutumin Maraɗi da ya tsufa a gona kafin 'yarsa ta ɗauko shi zuwa ƙasar nan. Ni na tsaya masa, na ce ba a taɓa yin manomi irinsa ba.

To a ranar nan ta Yuli, ga ɓangaren manomin nan, ganye kore shar ya kai ƙirjina, itatuwa ko alama. Na tsaya kamar an dasa ni. Mutumin da kullum yake riga kowa sunkuyawa? Na kutsa ciki, abin ya ƙara ɗaure mini kai. Ƙasa fes, babu ciyawa ko ɗaya, har da 'yan kwaruruka na ban ruwa. An yi aiki, aiki ma na gwani. Ga dashen can ƙarƙashi, ganyensu ya yi rawaya, wasu sun bushe.

Sai da na murza ganyen a hannu na gane shi. Rukuɓu ne, alayyafon daji, wanda a nan yake fitowa da kansa duk inda aka tone ƙasa.

Na kira shi gefe. "Baba, ba a ce a cire komai ba?"

"An ce, Shef." Haka yake kirana, wato shugaba a bakin mutanen Maraɗi.

"To wannan fa?"

Ya dube ni kamar na yi saɓo. "Ɗana, kai ba ɗan manomi ba ne? Wa ya taɓa sa hauya a kan miya? Shekarar da hatsi ya ƙi a garinmu, wannan ganyen ya riƙe mu har kaka."

Na yi masa bayanin saiwa da rana da ruwa, duk abin da aka koya mini. Ya saurara da kyau, sannan ya ce, "Bon, na ji. Ita bishiyar, me take haifa?"

Na ce wasu 'yan ƙwallaye.

"Wa ke ci?"

"Kurege."

"Wato a kashe abincin mutum don na kurege ya girma."

Wallahi na san akwai amsa. Akwai inuwa, akwai riƙe ƙasar bakin rafi, akwai jikokin da za su zauna ƙarƙashinta. Amma ni ma mahaifiyata ba ta taɓa bari a nome rukuɓu ba.

Shugabarmu tana jira. Na faɗa mata gaskiya, ina jin kunya kamar in nutse. Ta ce ita ba ta gane ba, amma abu ɗaya ta sani: dashe ba ya raba gindinsa da kowa. In ta dawo ranar Juma'a ta ga ganye ɗaya, Baba ya tafi.

Ranar Alhamis ya zo da buhuna. Ya yanke ganyen tas, aka rarraba wa matan unguwa, aka yi ta kwaɗo har can garin Mitchellville. Amma tumɓuke saiwar, hannunsa ya ƙi. Ya tsaya da hauya a kafaɗa, ya juya baya. Ni na bi layin na tuge su.

Dashen da suka bushe mun sake dasa wasu a gurbinsu a kaka. Sauran sun farfaɗo, yanzu sun fi ni tsawo. Baba bai rasa aikinsa ba.

Abin da na koya shi ne, a aikin nan gaya wa mutum doka ba ya isa, sai ka san abin da hannunsa ya saba tun kafin ku haɗu. Har zuwa lokacin da ya bar aiki, duk bazara in ya ci karo da ɗan rukuɓu a gindin oak, sai ya nome ciyawar da ke kewaye, ya wuce gaba, ya ce ba tare da ya waiwayo ba, "Shef, akwai aikinka a baya."