Wayar da Dobri Ya Ja Zuwa Hawa na Huɗu

Dobri Penchev ya ƙare ƙuruciyarsa a ɗakin ƙasa na wani ofishin auna ruwan kogi a birnin Ruse, shi da babbar kwamfuta da firinta ɗaya tal. Duk mai son buga takarda sai ya sauko da faifansa, ya tsaya har a zo kansa.

Cikin masu saukowa akwai Nevena, mai zanen taswira a hawa na huɗu, bazawara mai ciwon gwiwa da kaifin baki. Takan shigo tana haki, ta dire masa banitsa mai ɗumi, wato wainar cuku, a kan tebur. "Bai Dobri" take kiransa, wato Yaya Dobri a harshensu.

"Bai Dobri, wannan tsohuwar na'urar taka ta fi ka nawa. Ko tare aka haife ku?"

"Ita dai aikinta take, ba ta surutu," in ji shi.

"Kai ma ai ba ka yi. Shi ya sa har yau ba mai wanke maka riga."

Yana sonta, kowa ya sani, bakinsa ne ya ƙi buɗuwa. Gyara kaɗai ya iya, sai ya ce bari ya hutar da gwiwar nan. Ya matsa wa shugaban ofis har aka sayo firinta ta biyu. Da hannunsa ya ja waya ta bango zuwa hawa na huɗu, ya tsara layin jira a cikin kwamfutar, kowa ya riƙa tura aiki daga kujerarsa.

"Allah ya biya ka, na rabu da matakala," in ji Nevena.

Ta kuwa rabu da ita. Ba ta ƙara saukowa ba, sai dai ya ga sunanta a layi a kan allo. Wata rana ya tsayar da layin da gangan, ko za ta sauko ta yi masa faɗa. Sai ga ta a tarho: "Bai Dobri, barci kake?" Kunya ta kama shi, ya saki layin tun ba ta ajiye ba.

A gaban sabuwar firintar ta koma jiran taswirarta, ita da wani injiniya, Zahari, wanda ya iya hira. Dobri ne ya buga katin aurensu, don ba wanda ya iya saita takarda mai kauri sai shi.

Ya yi ritaya bai yi aure ba. A ofishin har yau ana yabon layinsa, wai bai taɓa cushewa ba. Da ma ya bar gwiwar nan da ciwonta.