Wayar Da Na Yarda Aka Soka Mini A Gadon Baya

Assalamu alaikum, edita da masu karatu. A shekarun da muke cikin tsohuwar jihar Sakkwato, ni malamin gona ne a Kaura Namoda. Gwamnati ta ba ni babur, kullum ina kan hanya tsakanin Banga da Zurmi, wani lokaci har Galadi, ina nuna wa manoma yadda ake zuba taki da feshin auduga. A lokacin ina ji da ƙarfina, buhun taki ni kaɗai nake ɗaga shi in ɗaure a bayan babur. Ina da mata da 'ya'ya ƙanana, kuma ban taɓa kwana a gadon asibiti ba.

Wata damina ina dawowa daga Banga, ashe ruwa ya cinye gefen hanya ta ƙasa. Ƙasar ta rufta da ni, babur ya biyo ni ya sauka a kan ƙuguna. Makiyayan da ke kusa suka ciro ni. Da ɗorin gida ya gagara, aka sa ni a jirgin ƙasa zuwa wani babban asibiti a Zariya, aka yi mini tiyata a ƙashin baya. Ƙashi ya haɗe, na tashi na taka, kowa ya yi mini barka. Amma ciwon bai tafi ba. Daga ƙugu har babban yatsan ƙafata ta hagu, ji nake kamar ana kwarara mini tafasasshen ruwa. Wando ma idan ya goge ni sai na cije baki. Salla ta koma a zaune, wata rana a kwance. Akwai ranar da ƙaramar 'yata ta rugo ta rungume mini ƙafa don murna, na daka mata tsawar da ta sa ta daina zuwa inda nake.

Abin da ya fi ciwon ƙona mini rai shi ne yadda mutane suka daina yarda da ni. Hoton asibiti ya nuna ƙashi lafiya lau, don haka a ofis aka fara cewa aiki ne ba na so. A dangi wasu suka ce sammu, wasu suka ce iska. An yi mini ƙaho, an yi tsaga, an ɗora mini lalas da ƙarfe mai zafi, na sha rubutu, na sha ƙwayoyi har cikina ya fara ƙuna. Shekaru suka shige a haka. Ina neman gafarar Allah, amma akwai ranakun da nake ɗaga hannu in roƙi a ɗauki raina kawai.

A wata komawa da na yi Zariya ne na haɗu da wani likita dattijo wanda ya saurare ni har na gama. Ya ce ciwona gaskiya ne, jijiya ce ta ji rauni take ta aika wa ƙwaƙwalwa saƙon ciwo ko da babu abin da ya taɓa ni. Da na matsa masa da tambaya, sai ya ce a ƙasashen waje akwai wani aiki da ake yi: a shimfiɗa siririyar waya kusa da laka a cikin ƙashin baya, a haɗa ta da wata 'yar na'ura mai ba da wutar lantarki kaɗan kaɗan, mutum ya riƙa jin ɗan tsikari a maimakon ƙuna. Ya ce ba warkarwa take yi ba, ragewa take yi, kuma ba kowa take karɓa ba, sai an gwada mutum tukuna a ɗakin tiyata. Ya ce iya saninsa ba a yin aikin a ƙasar nan. Duk wannan ya faɗa mini dalla-dalla. Ni kuwa kalma biyu kawai na ɗauko na taho da su gida, waya da lantarki.

Daga ranar ba ni da wata magana sai wannan. Duk wanda ya zo gaishe ni sai na ba shi labarin na'urar. Ana nan sai wani mai fataucin shanu ya shaida mini cewa ya ji a kasuwar Shinkafi akwai wani mutum a wani ƙauye kusa da Jangeru da ya shigo da injin ciwon baya daga tsallaken iyaka, wai yana sa waya a baya ya kunna wuta. Nan take na ce zan je. Matata ta ce hankalinta bai kwanta ba, ta tuna mini cewa likita ɗakin tiyata ya ambata. Na ce mata ita ba ta san abin da nake ji ba, da ta sani da ba ta tare mini hanya ba. Sai ta ce, "Malam, in ka ce sai ka tafi, ƙafata ƙafarka. Amma Allah shi ne shaida ban so ba."

Muka shiga motar 'yan kasuwa zuwa Shinkafi, daga nan aka ƙarasa da mu a kan babura, ina kuka a bayan mai babur saboda gargada. Mutumin ya karɓe mu da fara'a a wani zaure. Injin nasa akwatin katako ne, a ciki akwai batirin mota da kwayil mai ƙara ƙarfin wuta da wasu wayoyi, a bakin kowace waya ake ɗaura doguwar allura. Na ga ya ciro allurar daga wani gwangwani, bai dafa ta ba, bai ko goge ta ba. Ni da na yi makaranta, ni da nake hana manoma taɓa maganin feshi da hannu, na gani da idona na kawar da kai. Na kwanta rub da ciki a kan tabarma. Ya lalubi tabon tiyatata ya soka allura a gefensa, ya ƙara wata, sannan ya haɗa waya. Wutar ta ɗaga ni sama ta maka da ƙasa. Na ji matata tana salati tana roƙonsa ya bari, ni kuma ina ce masa ya ƙara. Da ya cire, ƙafar ta yi sanyi, ta mutu murus, ban ji ƙuna ba. Na yi sujada a zauren nan ina hawaye, na ɗauka na rabu da ciwo.

Bayan 'yan kwanaki ƙunar ta dawo, ta zo da zazzaɓi. Wurin allurar ya kumbura ya yi zafi. Na hana matata faɗa wa kowa saboda kunya, na ce aikin injin ne, zai wuce. Wata safiya na yunƙura zan tashi ƙafar ta ƙi ɗaukata, na duba na ga fitsari ya zubo mini ban sani ba. A nan matata ta saɓa mini, ta tafi ta kira maƙwabciyarmu, wata Kirista 'yar kudu da ke aikin nas a garin. Matar ta duba bayana, ta tambayi abin da ya faru, matata ta kwashe komai ta faɗa mata a gabana. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce da matata, "Maman yara, ɗauko kayansa. Yau ɗin nan za a tafi da shi, ba gobe ba." Mijinta ya samo mota, aka kai ni Gusau, daga can aka wuce da ni Zariya.

Likitoci suka ce mugunya ce ta taru kusa da laka tana danne ta. Aka sake buɗe bayana aka kwashe. Sun ce da an ƙara jinkiri da ƙafafun duka biyu sun tafi, ko ma raina. Dattijon likitan nan ya zo kaina, na kasa haɗa ido da shi. Ya ce shi ma ya yi ta tunanin ko bai kamata ya ba ni labarin abin da ba zai iya yi mini ba. Na ce masa ai ya faɗa mini gaskiya gaba ɗaya, ni ne na zaɓi rabin da nake so.

Na daɗe a asibiti. Riƙon fitsari ya dawo, amma tafin ƙafata ta hagu bai sake ɗaguwa ba, jan sa nake yi ina dogara sanda. Hawan babur ya ƙare, aka mayar da ni zaman ofis. A sashen gashin ƙashi ne daga baya suka gwada mini wata 'yar na'ura ta asibiti wadda ake manna wa fata daga waje, babu huda, babu jini, wutarta ba ta fi tafiyar tururuwa ba. Takan sassauta mini na ɗan lokaci, in samu in yi salla da natsuwa. Ba ta warkar da ni ba, kuma babu wanda ya ce za ta warkar.

Yanzu ga shi har an ba mu jiharmu ta Zamfara, ciwon yana nan tare da ni. Abin da ya sa na rubuto shi ne na san akwai irina da yawa a ɗakuna, waɗanda ciwo ya kai su inda ko guba aka miƙa musu da sunan magani za su karɓa. Ɗan uwa, duk abin da za a huda bayanka a sa, kada ka yarda sai a asibiti, a hannun wanda ya san inda laka take. Idan likita ya yi maka bayani, ka tafi da wani mai lafiya ya ji tare da kai, domin mai ciwo abin da yake so kawai yake ji. Ku kuma masu jinya, ku yarda da mara lafiyarku idan ya ce yana jin ciwo, ko da hoto bai nuna ba, domin rashin yarda ne ke kora mutum wurin wanda zai yi masa alkawarin ƙarya. Na je ƙauyen nan da ciwo da ƙafa biyu, na dawo da ciwon, ƙafar ce na baro a can. Allah shi ba marasa lafiya sauƙi, shi saka wa matata da alheri.