Kabewa Mai Haƙora a Firijinmu

Shekarar da Mama ta rasu muka ɗauko Baba zuwa Dubai, wai ko zai ɗan sake. Bai sake ba. Ya zauna a falonmu na unguwar Abu Hail cikin rigar sanyi saboda na'urar sanyaya ɗaki, yana kallon bango. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana yawon bishara a kan keke a ƙauyukan kudancin Katsina, wanda tuwo sai dai a ce masa ya ƙare, shi ne yanzu yake yin loma biyu ya ture kwano. Wandonsa ya fara zamewa. Na tsorata ƙwarai, don na ga alama bin Mama yake so ya yi.

Da watan Oktoba ya yi nisa, aka sanar a majami'a cewa godiyar kaka ta kusa. A Dubai abin dariya ne, don babu mai ko shukar albasa a cikinmu. Buhun shinkafa ake saya a kanti a kai gaban bagade, kowa ya haɗe fuska kamar shi ya nome ta. Amma a gida, ranar godiya Mama takan dafa miyar taushe da kabewar farko ta gonarmu. Da muka dawo daga sujada, Baba ya yi magana ba tare da an tambaye shi ba.

"Yanzu da kabewa ta nuna a gida."

Ai kuwa na cafe maganar. Daddawa da busasshiyar yakuwa ina da su, maƙwabcinmu, wani Alhaji Bakano mai tura kaya gida daga kasuwar Murshid Bazaar, shi ya kawo mini tsaraba. Na ce wa maigidana ya taho mini da kabewa in ya tashi daga aiki.

Ya taho da ita kuwa, ƙatuwa, ya rungume ta yana murmushi. Da ya juyo da ita sai ga idanu biyu, ga hanci, ga baki cike da haƙora. Ashe a ofishinsu aka yi ado da ita don bikin nan na Turawa da ake shigar fatalwa, da safen nan aka sassaƙa ta, da yamma za a zubar.

"Kabewa ce lafiyayya," in ji shi. "Har sun kwashe miki 'ya'yan."

Na dubi bawan Allahn nan. Ga digiri biyu, amma ko a jikinsa.

Baba ya miƙe tsaye, abin da rabon da in ga ya yi da sauri har na manta. Ya sa tabarau, ya zagaya ta, ya tambayi ko an kunna mata wuta. Maigidana ya amsa cewa an sa mata ɗan kyandir a ciki.

"To, an yi mata hidima ke nan. Wannan ba za ta shiga tukunya ba."

Na ce shi ke nan, a jefar, in sauka in sayo wata. Ya dube ni kamar na yi saɓo.

"A watan godiya za ki zuba abinci a shara? Haka uwarki ta koya miki?"

Ba a ci, ba a zubarwa, kuma ya ce wata kabewa ba za ta shigo gidan ba sai an gama da maganar wannan. Saboda zafin garin, dole muka cire tire guda muka sa ta a firiji. Duk wanda ya je shan ruwa sai fitila ta kama, ta yi masa dariya. Na juya fuskarta ciki, Baba ya juyo da ita, wai abokin gaba ba a barinsa ya ba ka baya.

Washegari ya ja kujera gaban firiji da Littafi Mai Tsarki a cinya. Ya buɗe inda manzo ya yi bayani a kan abincin da aka miƙa wa gumaka, ya karanta da ƙarfi, ya buɗe firiji ya duba ta, ya rufe. Ya aika a kira masa Alhaji, don tun zuwansa su biyun suke taɓa hira a bakin lif. Alhaji ya leƙa, ya ja da baya yana neman tsari.

"Malam, wallahi ni da a kwantena na gan ta, khalas, magana ta ƙare, ba zan sa hannu ba. Amma ai kabewa ba ta da addini."

"Shi ne nake so in tabbatar," in ji Baba.

Suka yi ta musu har la'asar. Ina kicin ina cika ina batsewa, gyaɗata na niƙe, namana na jira. Amma na lura da abu ɗaya: garin musu, Baba ya shanye shayin da na kawo wa Alhaji, bai ma sani ba.

Bayan Alhaji ya tafi salla, na fito na tarar ya ɗora kabewar a kan tebur, yana bin bakin yankan da yatsa. Can sai ya kai yatsan kuncinsa. Baba yana da tsaga a kumatu, irin ta gidansu, don shi ɗan Maguzawa ne, da girmansa ya karɓi baftisma. Tun ina ƙarama nake ganin tsagar har na daina ganinta.

"Ita ma ba a tambaye ta ba," ya ce. "Ina jariri wanzami ya yi mini wannan, ubana ya yanka wa iskoki baƙin zakara a kaina. Da na zo wurin Yesu, bai ce in je in sako fuska ba. Uwarki ma da su ta karɓe ni. Dangi suka hana, ta ce ita ta gani tana so."

Tun ranar jana'iza bai yi kuka ba sai a gaban kabewar nan, ita kuma tana ta washe baki. Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba.

Ya share fuska, ya ce in miƙo wuƙa. Ya ɗora hannu a kanta ya yi addu'ar godiya mai tsawo, har da wanda ya noma ta a ƙasar da ba mu sani ba, har da wanda ya ɓata mata fuska. Sannan ya fere ta da kansa, ya fara daga haƙoran.

Na dafa ta da gyaɗa da yakuwa da alayyahu da daddawa, na tuƙa tuwon shinkafa. Ƙamshi ya cika gidan har bakin lif, na zuba wa Alhaji nasa a kula, ya karɓa bai tambayi tarihi ba. Baba ya cire rigar sanyi, ya wanke hannu, ya kai loma. Ni da maigidana muka zuba masa ido.

"Kabewar nan ruwa ce zalla," ya ce. "Kuma kin cika yakuwa. Ko kusa ba ta kai ta uwarki ba."

Ya suɗe kwanon tas, ya miƙo mini.

"Ƙaro. Ki sa tuwon da yawa."